Farin da Baba Isuhu Ya Bari

Ranar da jirgin ƙarshe na alhazan jiharmu ya tashi, ni ina zaune a ƙofar wani shago a unguwar Zahir, ina jiran mutumin da ya hana ni shiga shi. Alhaji Ɗanlami sunansa, ko kuma da shi ya gabatar mini da kansa. A Harami muka haɗu, ya ji na ce daga ƙasar Kazaure nake, ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya. Da ya ji sana'ata zayyana ce, har ma wani attajiri ne ya biya mini kujerar Makka saboda allunan saukar da na ƙawata wa 'ya'yansa, sai ya riƙe baki. Ya ce mai hannu irin nawa asara ce ya koma gida, ga wani Balarabe can yana neman mai rubuta allunan shaguna ido rufe. Ya karɓi fasfona da ragowar guzurina wai zai gyara takardu, ya zaunar da ni a ƙofar shagon, ya ce kada in motsa.

Ban motsa ba kuwa. Aka yi azahar, aka yi la'asar, inuwa ta bar ni ta dawo. Can mai shagon, wani siririn ɗan Yaman, ya fito ya miƙo mini ruwa da gurasa, ya ce, "Ɗanlami ma fi." Ban iya Larabcin kasuwa ba a lokacin, amma wannan kam na gane shi sarai: babu Ɗanlami.

Kada a ɗauka kwaɗayi ne kawai ya zaunar da ni, ko da yake da shi a ciki, ba zan ɓoye ba. Idon Inna ne. Kafin in taho likita a Kano ya ce tana da hawan jinin ido, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da wani magani da ake ɗigawa kullum, mai tsadar tsiya. Zayyana kuwa sana'a ce ta lokaci, yau a yi sauka uku, gobe a shafe wata ba a yi ba. Na ce a raina in yi shekara guda a Makka in tara abin da zan tara. Abin da ban hango ba shi ne, muddin ina nan magani yana zuwa amma Inna ba ta ganina, in kuwa na koma za ta gan ni amma magani ya tsaya. A tsakanin waɗannan biyun na maƙale shekara da shekaru.

Ɗan Yaman ɗin ne ya kwatanta mini Rusaifa da hannu, ya ce can akwai mutanenmu. Na isa da yamma ƙafata ta kumbura, na bi ƙamshin daddawa har wani lungu, na tarar da wata dattijuwa mai jiki tana kwashe tuwo a ƙofar gida. Hajiya Tasalla ke nan, 'yar Gwarzo, wadda ta zo aikin hajji tun tana goyon fari ta zauna har ta yi jikoki. Ban gama bayani ba ta katse ni.

"Ɗanlami ne ko? Mai haƙorin Makka biyu?"

Na ce shi ne.

"Halas, kai ne na nawa ban sani ba. Kai ɗan nan, kuka ba shugul ba ne, ba aikin yi ba ne. Zauna ka ci tuwo."

Na ci tuwon ina share hawaye da gefen riga, miyar kuka ce da man shanu, irin wadda ban zaci zan ƙara gani ba. Ta sama mini shimfiɗa a wani ɗaki a saman bene, tare da wasu maza da kowannensu yake da nasa Ɗanlamin. Da gari ya waye ta ce in shirya, an samo mini aiki a haraj. Na ce, "Hajiya, ni da ba ni da takarda, me zai kai ni ofishin haraji?" Ta yi dariya har ludayi ya kuɓuce mata. Ashe haraj a bakinsu kasuwar gwanjo ce.

A can na yi shekarun farko, ina dakon tsofaffin firji da gadaje da na'urar sanyaya ɗaki. Dillali ya hau bayan mota yana ta ihu, mutane suna ɗaga hannu, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ban daɗe ba na gane irin kayan da suke zuwa wurin. Na wanda ya karye ne, da na auren da ya mutu, da na mamacin da 'ya'yansa suke gaggawar share ɗaki. Na taɓa ganin an zube littattafan wani tsoho da butarsa da tabaransa a kwali ɗaya, aka sayar da su tare da wata fanka mai ƙarar tsiya, fankar ce ma aka yi wa tayi. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Tun daga nan kalmar gwanjo ta zame mini zagi.

Ƙanwata Rabi ce take haɗa ni da Inna a waya duk Juma'a. Ta bakinta nake jin yadda idon yake tafiya. Inna ta daina zura zare a allura. Inna ta daina tsince tsakuwa a shinkafa. Inna ta gaisa da turmi tana zaton maƙwabciyarmu ce a tsugune. Ita kuwa in ta karɓi wayar ba ta yarda a yi zancen ido, sai ta ce, "Habu, kana cin abinci? Ka yi ƙiba ko ka rame?" Da muka samu waya mai hoto na yi murna, na ce yau Inna za ta gan ni. Rabi ta kara mata gilashin a fuska, ta yi ta juya kai, can ta ce, "Haske kawai nake gani. Ku bar shi, in ya zo na gan shi."

Wanda ya fitar da ni daga haraj shi ne Bandar, ɗan maƙwabtan Hajiya Tasalla. Kakansa Bakatsine ne, shi kuwa haifaffen Makka, yana da takardunsa da motarsa, yana aiki a wani ofishi mai hidimar alhazan ƙasashen Asiya. Hausarsa duk ta kakarsa ce, ya iya gaisuwa da sunayen abinci da zagi, sauran sai ya cike da Larabci. Wata shekara gab da hajji, a zamanin da ba a tsananta bincike kamar yanzu ba, ya tare ni a lungu da kiran ammi da ya saba yi mini, wato baffa.

"Ammi Habu, akwai shugul a Mina. Wani shayib ne, tsoho, ɗan Sin. Ka tura shi a arabiya, keken nan. Bas kada ka yi masa faɗa, na san halinka."

Na ce wa zan yi wa faɗa da yaren da ban sani ba.

Tsohon ɗan ƙarami ne, da farar hula da ɗan gemu tsinini, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa amma idanunsa ƙyar suke. Ya dafa ƙirji ya ce, "Yusuf." Na dafa nawa na ce, "Abubakar." Daga ranar na mayar da shi Baba Isuhu, shi kuma bai taɓa ƙorafi ba. Abin da muke da shi na magana bai wuce bismillahi da alhamdulillahi da sabr ba, sai 'yan kalmomin Larabcin Alƙur'ani da kowannenmu ya sani. Da su muka yi Arfa, muka yi jifa, na kutsa da shi cikin cunkoson da ko mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske. In muka dawo tanti sai ya zuba mini shayinsa, wani koren ruwa ba sukari ba madara, in kurɓa in yamutsa fuska in ce, "Baba, wannan ai ruwan dafa zogale ne." Ya yi ta dariya kamar ya ji. Kafin a bar Mina ni nake miƙa kofi da kaina.

Wata hantsi bayan mun dawo daga jifa, ina zaune a bakin tanti ina wasa da biro a jikin kwalin ruwa, hannuna yana bin abin da ya saba ba tare da na sani ba. Sai na ji an janye kwalin. Baba Isuhu ya kai shi kusa da ido, ya bi layukan da yatsa, ya dube ni, ya sake duban kwalin. Ya sa na jawo masa jakarsa. Ya fito da wani baƙin dutse mai ɗan rami, da wani sanda baƙi kamar alawa, da burushi mai tsinin gashi. Ya ɗiga ruwa a dutsen ya fara goga sandan a hankali, ruwan yana baƙi. Na sunkuya na shinshina. Wallahi ƙamshin zauren mahaifina ne, ranar da ake dafa tawada, hayaƙi da ƙaro. Na kawar da kai don kada tsohon ya ga idona.

Ashe mai zane ne, kuma ba ƙarami ba, ko da yake a lokacin ban sani ba. Ya shimfiɗa wata takarda mai laushi ya zana duwatsun Mina, ba tanti ba mutum, da jan burushi kaɗan, sai ga su tsaye kamar ka jingina. Sannan ya nuna ni, ya ce, "Baladuka?" Garinku fa? Na ɗauki biro na zana masa dutsen da yake bayan garinmu, mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, da kukar da take gindinsa, da hanyar da mata suke bi zuwa bakin ruwa. Na yi ta bayani da Hausa, inda muke kiwo, inda muke tsinkar kanya, inda Inna take shanya kuɓewa. Yana ta gyaɗa kai.

Ranar da za a bar Mina ya sa na share masa wuri. Ya ɗauko doguwar takarda, ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba, har na fara duba ko barci ya yi. Sannan ya fara. Na rantse da Allah dutsen garinmu ne ya fito, wanda tsohon bai taɓa gani ba, da karkatacciyar kafaɗarsa da kukar da komai. Amma duk a gefe ɗaya ya tattara su. Sama fari fat, ƙasa fari fat, fiye da rabin takardar ba ko ɗigo. Ya ciro wani ɗan hatimi ya buga ja a kusurwa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya shafa farin wurin da tafin hannu, ya nuna ni, ya ce, "Laka." Naka ne.

Na ce a raina, Allah sarki, tsoho ya gaji.

Na koma Rusaifa da takardar a nannaɗe cikin guntun bututun roba. Mutanen ɗakinmu suka yi ta tsiya, wai tawada ce ta ƙare masa, wai ladan turin keke ne aka biya ni da rabin hoto. Ni ma farin nan ya tsaya mini a rai. A sana'armu barin fili a allo abin kunya ne. Duk wanda ya ga zayyana da wuri fari zai ce ko mai yin rago ne, ko ya raina mai saukar. Mahaifina yakan dawo mini da allo saboda gurbin da bai kai ƙwayar gero ba. Ga shi kuma mutumin ya ga hannuna, ya shafa wurin, ya ce nawa ne. Me ya rage kuma? Ya yi nasa, ya bar wa ɗan'uwansa mai sana'a nasa.

Na sayo ƙaro a kasuwar Zahir, na samu kara a wurin wani ɗan Sudan na fiƙe alƙalami, na haɗa baƙar tawada da ja da rawaya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in hau saman bene, in zauna a inuwar tankin ruwa, in shimfiɗa takardar a kan katako. Takardar mayya ce, tana shan tawada tana watsa ta, sai da na ƙara ƙaro sosai kafin layi ya tsaya. Na fara daga sama, gida-gida, saƙa cikin saƙa, na sauko ta gefen dutsen ban taɓa shi ba, na zagaye kukar, na cike ƙasa. Jan hatiminsa ma na yi masa ɗan ɗaki na musamman.

In aka tambaye ni kwanakin da suka fi mini daɗi a Makka, su ne waɗannan. Tantabaru suna sauka a kan tanki, ƙamshin wainar Hajiya yana tasowa daga ƙasa, hasumiyar agogo tana can nesa cikin ƙurar zafi, ni kuwa ina bayan garinmu. Ba ɗan dako ba ne ni a wannan lokacin, ba kuma mara takarda mai leƙen lungu kafin ya fita ba. Ranar da na gama Hajiya Tasalla ta hawo benen da kanta tana haki, ta duba ta ce, "Masha Allah, yanzu ya zama hoto."

Hajji ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Na koma haraj, bayana ya fara ciwo, Rabi ta ce idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya, na daman ne ya rage kaɗan. Sai wata rana da la'asar Bandar ya yi sallama a ƙofar Hajiya da baƙi biyu, mace da mijinta, 'yan Sin, sun zo umara. Matar ta nuna mini hoto a waya, ni da Baba Isuhu a bakin tanti muna riƙe da takardar. 'Yarsa ce, Amina. Ta yi karatun Larabci, tana faɗa Bandar yana juya mini. Tsohon ya rasu bara, kuma har ya kwanta ciwo yana zancen baƙin mutumin da ya tura shi a Mina. Na yi salati na zauna a kan dakali, Hajiya ta fito da tabarma da ruwa.

Bayan addu'a Bandar ya gyara murya. "Ammi, tana tambaya, lauha ɗin, zanen, yana nan? Suna tara na Baba duka, za a kai su mazad. Shu isma da Hausa... gwanjo."

Na miƙe tsaye. "Gwanjo?"

"Aiwa, gwanjo."

"Uban nata? Ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba za ta zube kayansa a bayan mota? Gaya mata in ɗaki take so ta share, ta share nata. Wannan ba ya zuwa ko'ina!"

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "A'uzubillahi, 'ya'yan zamani ko'ina iri ɗaya ne." Baƙin suka yi tsuru-tsuru suna kallon Bandar, shi kuma ya dafe kai yana cewa, "La, la, ya ammi, ba haraj ba, wallahi ba haraj ba!" Da Hausa ta ƙare masa sai ya karɓi wayar matar ya buɗe mini bidiyo.

Wani ƙaton zaure ne a Hong Kong, da kujeru jere da fitilu, mutane sun sha kwat kamar za a ɗaura auren gwamna. Wasu mata biyu da farar safar hannu suka ɗago zane a hankali kamar jariri. Dutse ne da farin fili, hannun Baba Isuhu, ko a mafarki na san shi. Mai gwanjon bai hau mota ba, bai yi ihu ba, yana magana ƙasa-ƙasa, mutane suna ɗaga 'yan alluna, wasu suna tayi ta waya daga wasu ƙasashe. Da ya buga 'yar gudumarsa aka yi tafi. Amina ta yi bayani cewa a can ba tsofaffin zanen kakanni kaɗai ake rububi ba, har na masu zanen wannan zamani, kuma shiga irin wannan zaure girma ne, ba kowa ake karɓa ba. Tun da mahaifinta ya rasu masu tara zane suka yi ca a kan aikinsa, musamman 'yan kaɗan ɗin da ya yi a hajji. Nawa kuwa shi ne mafi girma a cikinsu. Ta ce kyauta ce ya ba ni, ba ta da haƙƙi a ciki, abin da aka saya nawa ne, ita dai burinta a gan shi tare da 'yan'uwansa.

Na tambayi Bandar kamar nawa. Ya faɗa mini a kunne. Ba zan maimaita ba. Ya isa maganin Inna har ƙarshen ranta, ya isa gida da shago, da saura.

Na hau benen nan kamar yaro. Kafin in kai sama, a zuciyata na riga na sauka a Kano, na shiga motar Kazaure, na yi sallama a zaure. Na sauko da bututun ina ta murmushi, har ina ce wa Bandar ya gaya mata ta shirya, za ta ga abin da ba ta zata ba. Na shimfiɗa a kan tabarma, Hajiya ta danne gefe da faranti.

Mijin ya ɗora hannu a ka. Amina ta durƙusa, ta kai yatsa kusa da takardar ba ta taɓa ba, ta tambaya wa ya yi wannan. Na buga ƙirji na ce ni ne, tsohon ya gaji ya bar mini, na cika masa.

Ta kira wata mata ta gidan gwanjon a waya mai hoto, ta bi takardar da wayar daga sama har ƙasa. Ban ji yarensu ba, amma na yi shekaru a haraj, na san muryar mai cewa kaya sun lalace. Matar ta tambaya, ta bakin Amina da Bandar, ko tawadar za ta fita. Na ce da ƙaron da na zuba, ko jikokinmu ba za su fitar da ita ba. Ta ce to ba za su iya karɓa ba, ta ba da haƙuri, ta kashe.

Sannan Amina ta gaya mini abin da farin yake. Na sama sararin sama ne da hazo, na ƙasa ruwa ne. Ba gajiya ba ce, shi ne wurin da ya fi wahala a zanensu, shi masu saye suke fara dubawa. Mahaifinta yakan ce baƙin na mai zane ne, farin kuwa na mai kallo, ya zuba abin da yake kewa a ciki da idonsa. Abin da yake nufi da "laka" ke nan.

Kunya da baƙin ciki suka taru suka zame mini faɗa. Na ce, "To me ya hana shi faɗa da baki? Mutum ya ga mai alƙalami, ya ba shi fili, ya ce nasa ne, me yake so in yi, in zuba masa ido?" Bandar bai so ya fassara ba, na ce sai ya fassara. Da ta ji sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, mijin yana bubbuga bayanta. Ta daɗe tana bin zayyanar da kallo, gida-gida, har ta kai ɗan ɗakin da na yi wa hatimin. Ta ce mutane da yawa sun sayi zanen mahaifinta, amma ba ta taɓa ganin wanda ya ba shi amsa ba. Ta nemi izini ta ɗauki hoto. Da za su tafi ta ajiye ambulan a ƙarƙashin farantin Hajiya, ta ce sadaka ce ga Baba. Ban yi fulako ba, na karɓa. Zai riƙe maganin Inna na ɗan lokaci, ba mai tsawo ba.

Na so in koma haraj washegari kamar ba a yi komai ba, na kasa. A ɗan tsakanin hawa bene da saukowa zuciyata ta riga ta isa gida, kuma ta ƙi dawowa. Na kai gado bakin mota na tsaya ina kallonsa, dillali yana zagina ban ji ba. Da yamma na ce wa Hajiya zan miƙa kaina a mayar da ni.

"Ka san in ka fita ta tarhil ba ka dawowa nan kusa?"

Na ce na sani.

"Maganin fa, in na ambulan ya ƙare?"

Na ce ban sani ba, Hajiya. Amma in na jira sai na tara, wa zan je in nuna wa fuskar?

Ta ƙulla mini yaji da dabino, ta raka ni har bakin titi, abin da ba ta yi wa kowa. Na yi ɗawafin bankwana ina kallon wurin da ake tura tsofaffi a keke, na sha zamzam har cikina ya ƙulle.

Zaman jiran jirgi a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ba abin da zan so wa kowa ba ne, ga cunkoso ga zullumi, kullum a kira sunaye ba naka. Wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya zare takardar daga bututun. Ya duba, ya ce, "Masha Allah," ya nannaɗe ta da kyau fiye da yadda na yi, ya mayar mini. Tana nan a zaurena yanzu, inda na koma yin zayyana, kuma duk wanda ya shigo adon yake yabawa, ba mai kula dutsen sai na nuna. Wani lokaci in na dube ta ba garinmu nake gani ba, saman benen Rusaifa nake gani da tantabarun nan, in ji kewar Hajiya Tasalla da Hausar Bandar mai ɗingishi ta kama ni har in ajiye alƙalami.

Da hantsi na isa gida. Rabi ta yi guɗa ta ruga ciki, na tarar da Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance, ta juyo da kunne wajen sallamata. Na durƙusa zan kama hannunta, ta janye.

"Tsaya tukuna. Rabi, kai shi cikin rana."

Rabi ta ja ni tsakar gida ta tsayar. Abin da ya rage wa Inna a idon dama ɗan ƙaramin gurbi ne, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Ta rufe na hagun da tafin hannu duk da ba ya gani, ta fara juya kai a hankali tana nemana. Ta wuce ni, ta dawo. Ta samu hulata, na ga ta tsaya. Ta sauko goshi, ta daɗe a idanuna, ta sauko hanci. Ban motsa ba, rana tana dukana, hawaye suna zuba ban share ba don kada hannuna ya tare mata. Da ta kai gemu sai ta tsaya cak.

"Habu," ta ce, "wa ya ba ka izinin yin furfura ban gani ba?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

"Matso nan. Sauran da hannu zan duba."